Wata guda ina raba kwamfutar makarantarmu da Jamusanci

Ni ne nake riƙe da harkar jarrabawa da rijistar ɗalibai a wata makarantar firamare da Islamiyya a cikin Kano, don haka duk takardar da za ta fita daga makarantar, ta Hausa ce ko ta Turanci ko ta Larabci, sai ta bi ta hannuna. Tsohuwar kwamfutarmu ta kan tebur ta mutu ana saura 'yan makonni a fara jarrabawar zango na biyu, sai hedimasta ya ba ni kuɗi ya ce in nemo ta tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda ake shigowa da ita daga Turai. Ranar Asabar, 2 ga Maris, 2024, na shiga Beirut Road na zaga shaguna har na samu wadda ta kwanta mini a rai. Muka daidaita a kan naira dubu 190, aka rubuta mini rasit da garantin mako biyu. Yaron shagon ya kunna ta, ya buɗe mini Word da Excel, na ga komai da Turanci, na duba batir da kyamara da ramukan filas, na biya. Na hango wasu kalmomi da ban gane ba a ƙasan allon, na tambaye shi, ya ce, "Malam, wannan aikin minti biyar ne, ka je gida ka canza a saiti." Ban kawo komai a raina ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne su ne suka ɗora Word da Excel na Turanci a nan Kano, amma Windows 10 ɗin da take kai wanda ta taho da shi ne daga wani kamfani a Jamus, ba wanda ya taɓa shi.

Da dare bayan sallar isha'i na zauna in fara aiki. Ina danna maɓallin farawa sai na ga Einstellungen a inda na saba ganin Settings, wajen kashewa kuma an rubuta Herunterfahren. Duk tambayar da kwamfutar za ta yi mini, zaɓi biyu take ba ni, Ja ko Nein, ni kuma ban san me nake amincewa da shi ba. Na ce to, tunda Word da Turanci yake, bari in ci gaba da buga tambayoyin jarrabawa, sauran ya biyo baya. Shekara goma sha ɗaya ina buga rubutu ba tare da kallon yatsuna ba, amma da na ɗaga kai na duba layin farko sai na ga "zanyu" a inda na rubuta "yanzu", "za yo" a inda na rubuta "ya zo". A kibod ɗin Jamusawa Y da Z sun yi musayar gurbi, shi ya sa ake ce masa QWERTZ. Mai rubuta Turanci zai iya yin shafi guda bai ji zafin wannan sosai ba, amma a Hausa da wuya ka yi jimla ba "ya" ko "za" ko "zuwa" ko "yi". Alamar @ kuma na neme ta na rasa, domin Shift da 2 alamar zance suke bayarwa. Sai daga baya na gano tana kan Q, ana haɗawa da maɓallin Alt na hannun dama.

Washegari na koma kan maki. Na buɗe Excel na shigar da 12.5 a matsayin makin gwajin wani yaro, ina danna Enter ya koma "12. Mai", wato 12 ga watan Mayu. Na goge na sake, haka dai. Lissafin da na saba rubutawa don fitar da wanda ya ci da wanda ya faɗi shi ma ya ƙi karɓuwa, ko da yake harafi bai canza ba daga yadda nake rubuta shi shekara da shekaru. Dalilin, wanda na fahimta bayan kwanaki, shi ne Excel ba ya da nasa tsarin lambobi, na Windows yake bi. A tsarin Jamus waƙafi ne yake raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, 12,5 ke nan, ɗigo kuma na kwanan wata ne da raba dubbai. Tunda an ba waƙafi wannan aikin, sai ya zama waƙafi mai ruwa ne yake raba sassan lissafi. Haka tsarin Faransa ma yake da waƙafi, don haka wanda yake musayar fayil da 'yan uwa a Maraɗi ko Damagaram ya san da wannan.

Ranar Lahadin da yamma ɗan yayata ya zo, shi ya kawo dabarar da ta fara buɗe mana hanya. Ya buɗe manhajar fassara a wayarsa, ya riƙa haska allon kwamfutar da kyamara, Jamusancin yana komawa Turanci a fuskar wayar. Da haka muka lallaɓa: maɓallin Windows da harafin I suka buɗe saiti, muka shiga Zeit und Sprache, wato lokaci da harshe, daga nan Sprache. Muka ƙara Turanci a jerin harsuna, kwamfutar ta fara neman sauke fakitin harshen, can sai ta tsaya ta nuna jan rubutu da lamba 0x800F0908. Muka sake sau uku. Sai yaron ya tuna da cewa da ya haɗa ta da intanet ɗin wayata ya kunna wani saiti da yake hana Windows cinye data, wanda da Jamusanci ake kira getaktete Verbindung. Ya yi ne don ya tausaya wa aljihuna, amma muddin wannan saitin yana kunne Windows ba ya yarda ya sauke fakitin harshe. Muka kashe shi, na sayi data gigabait biyu, muka sake gwadawa da murna. Wannan karon ya ɗan yi nisa kafin ya tsaya, lambar kuma ta canza zuwa 0x800F0954. Har ƙarfe goma sha ɗaya muna kai, ba ta sauya zani ba.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na koma shagon. Mai shagon ya duba rasit ya ce garantinsu na inji ne, allo da batir da makamantansu, harshe ba lalacewa ba ne, amma zai haɗa ni da mai gyara. Na zauna a benci daga ƙarfe biyu da rabi zuwa bayan la'asar, domin akwai mutum huɗu a gabana. Da layi ya zo kaina, mai gyaran, wani matashi, bai ko karanta lambar ba ya ce fomat za a yi, wato a goge komai a ɗora sabon Windows, naira dubu biyar. Na riga na kwashe fayilolin makaranta na shekara shida na zuba a ciki, filas ɗin da na ɗauko su da shi kuma na mayar wa mai shi, ga jarrabawa ta ƙarato, sai na ce a'a, a nemo wata hanya. Ya ce to zai saita mini yadda zan iya aiki. Ya ƙara kibod ɗin Turancin Amurka, ya mayar da tsarin lambobi da kwanan wata zuwa English (United States), ya buɗe Excel ya buga 12.5 ya zauna daram, ya rubuta "yanzu" ta fito daidai. Na ba shi naira dubu ɗaya da ɗari biyar ina ta godiya. Allon yana nan da Jamusanci, amma na ce wannan da sauƙi. A gaskiya ya yi abin da ya iya, sai dai zaɓin Amurka da ya yi shi ne ya fi komai jawo mini wahala daga baya, kuma ni da shi ba wanda ya hango hakan.

A daren na sa wa kwamfutar kalmar sirri, saboda akwai sakamakon yara a ciki, kuma kalmar da na zaɓa tana da harafin z. Da safe na kunna, na buga, ta ce ba daidai ba. Na sake a hankali, harafi bayan harafi, ta ƙi. Gumi ya karyo mini, domin ranar ce zan miƙa tambayoyin aji shida. Bayan kusan rabin sa'a sai na lura da wata 'yar alama mai kama da ido a gefen gurbin kalmar. Na danna na riƙe, sai ga abin da na buga ya bayyana, y ce zaune a wurin z. Ashe allon shiga yana da nasa saitin daban, yana nan a kan kibod ɗin Jamus, canjin da aka yi a cikin asusuna bai kai gare shi ba. Na danna maɓallin da hannuna ya saba da shi a matsayin y, z ta fito, kwamfutar ta buɗe. Haka na yi mako biyu, ina shiga da kibod ɗaya ina aiki da wani.

Azumi ya kama ranar Litinin 11 ga wata. Malamin lissafinmu, da ya ga ina haska allo da waya duk lokacin da wani saƙo ya fito, ya kwatanta mini wani dattijon injiniya da yake da ɗan ofis a bayan wani shagon buga takardu. Na je ranar Alhamis, azumi na huɗu. Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa komai ba sai da ya sa na ba shi labari daga farko, ya kuma nemi in nuna masa hoton lambobin kuskuren, da yake na ɗauka a waya. Sannan ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta winver, ya ce alhamdu lillahi Windows 10 Pro ce. Ya ce akwai wani zubi da ake kira Home Single Language, wanda harshe ɗaya tak aka yarje masa, idan shi ne da sai dai a ɗaga shi zuwa Pro ko a sake ɗora wani. Game da lambar ta biyu kuwa, ya ce manyan kamfanoni ba sa barin kowace kwamfutarsu ta riƙa sauke sabuntawa daga intanet kai tsaye, suna da tasu uwar garken a cikin gida da ake kira WSUS, sai a umarci kwamfutocin su riƙa tambaya a can. Tamu ta baro Jamus amma umarnin yana jikinta, duk lokacin da muka ce ta kawo Turanci sai ta tafi neman wata na'ura a ofishin da ba za ta taɓa isa ba. Ya ce in kawo filas, na fita na sayo na naira dubu huɗu, muka kwashe fayilolin makaranta tukuna. Daga nan ya buɗe regedit, ya bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SOFTWARE, Policies, Microsoft, Windows, WindowsUpdate, har zuwa AU. Can ga wani layi mai suna UseWUServer da lamba 1 a gabansa. Ya mayar da ita 0, ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya ja mini kunne cewa wannan wurin ba wajen lalube ba ne, kada in taɓa abin da ban sani ba a ciki.

Muka sake neman Turancin, jan rubutun bai fito ba, amma saukewar ta tsaya cak a farko-farko. Muka canza layin waya, duk ɗaya. Sai mai shagon buga takardun ya leƙo ya ce tun safe ba su iya tura ko da fayil ɗaya ba. Ranar ce, 14 ga Maris, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala, har da bankuna a nan gida. Na zauna har kusan ƙarfe biyar ina kallon layin da ba ya motsi, ga ƙishirwa ga zafin Maris, daga ƙarshe injiniyan ya ce, "Malam, ka tafi ka sha ruwa da iyali, wannan ba daga wajenmu ba ne." Na koma ranar Talata 19 ga wata da safe. Ya zaɓi English (United Kingdom), ya cire alamar da ke kan sassan murya da rubutun hannu don kada su ci data a banza, cikin minti ashirin ya sauka. Ya sa shi a matsayin harshen allo, ya fita daga asusun ya sake shiga, sai ga Settings. Ban san na ƙosa haka ba sai da na ji ajiyar zuciyar da na yi. Bai tsaya nan ba, ya sake danna Windows da R ya rubuta intl.cpl, ya shiga shafin Administrative, ya danna Copy settings, ya sa alama a akwatuna biyun da ke ƙasa, na allon shiga da na sababbin asusu. Wannan ne ya raba ni da rikicin kalmar sirri. Ya karɓi naira dubu uku.

Kafin in tashi ya duba shafin Formats ya ga Amurka, ya tambaye ni wa ya sa wannan, kuma tun yaushe. Na gaya masa. Ya mayar da shi English (Nigeria), inda rana take zuwa kafin wata, alamar kuɗi kuma ta zama ₦, ya sa ƙasa ta zama Nijeriya a saitin Region, sannan ya ce in je in duba duk kwanan watan da na shigar a 'yan kwanakin nan. A mako biyun nan kuwa na shigar da bayanan ɗalibai 214 daga fom ɗin shiga makaranta, kowa da ranar haihuwarsa. Da na isa gida na buɗe rijistar, gabana ya faɗi. Yarinyar da aka haifa ranar 5 ga Maris, na buga mata 05/03, tsarin Amurka ya ɗauka 3 ga Mayu ne, domin su wata suke fara rubutawa. A lokacin ban gani ba, tunda abin da na buga shi allon yake nuna mini. Yanzu da aka gyara tsarin sai gaskiyar abin da aka ajiye ta fito, 03/05. Waɗanda ranarsu ta wuce 12 kuwa, kamar 25/03, Excel bai karɓe su a matsayin kwanan wata ba sam, tunda babu wata na 25, ya ajiye su a matsayin rubutu kawai. Da na lura da kyau da na gane tun farko, domin waɗannan suna manne a hagun gurbi, na gaskiyar kuma a dama. Gyara saitin ba ya gyara abin da aka riga aka shigar. Dole na ɗauko fom ɗin daga kabad, ni da wata malama, tana karantawa ina dubawa, kwana uku bayan tashi daga makaranta da azumi a bakinmu. Mun samu yara 79 da aka juya wa rana da wata. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk lamarin, domin daga wannan rijistar muke cike wa 'yan aji shida fom ɗin jarrabawar shiga sakandare, kuma duk wanda ya taɓa bin layin gyaran ranar haihuwa don ta dace da ta lambar NIN ya san abin da kuskuren minti ɗaya yake jawo wa yaro da iyayensa. Takardun sakamako da na gwada bugawa su ma sun fito a karkace, ashe girman takarda ya koma Letter na Amurka, mu kuwa A4 muke sawa a firinta.

Da hankalina ya ɗan kwanta sai na waiwayi Hausa. Tsofaffin tambayoyinmu an buga su ne da irin fon ɗin nan na da, Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tun lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima ba kaɗan ba. Dabararsu ita ce a ari gurbin wasu alamomi a zana ƙ da ɗ da ɓ a kai. Shi ya sa idan fon ɗin ba ya cikin kwamfuta sai ka ga "}asa" a maimakon "ƙasa", "]aya" a maimakon "ɗaya". Haka fayilolinmu suka buɗe a sabuwar. Na yanke shawarar in daina dogaro da wannan. A wurin da muka ƙara Turanci na ƙara Hausa, ta zo da kibod ɗinta. Idan yana kunne, Alt na dama da b yana ba da ɓ, da d ya ba da ɗ, da k ya ba da ƙ, da y kuma ya ba da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y. In ka haɗa da Shift manyansu su fito. Maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara su ne suke juya ka daga wannan kibod zuwa wancan. A kwamfutar da ba ta da kibod ɗin Hausa kuma, cikin Word, kana iya buga 0199 ka danna Alt da X ya koma ƙ, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ya ba ka ɓ. Waɗannan haruffa na gaske ne, za ka tura wa mutum ta WhatsApp ko imel su isa yadda suke. Tsofaffin fayilolin na bi su da umarnin nema da musanyawa, alama ɗaya bayan ɗaya. Na kuma cire kibod ɗin Jamus da harshen gaba ɗaya daga jerin, saboda hannu yakan taɓa Alt da Shift bisa kuskure ya mayar da kai can ba ka sani ba.

Larabci ne ya sa na yi kuskure da hannuna. Malamin hadisi ya kawo tsohon zubin Maktaba Shamila, manhajar littattafan addini na Larabci, a filas ya ce in ɗora masa, yana so ya ciro nassoshi don jarrabawa. Da ta buɗe, wasu wurare alamomin tambaya ne jere, wasu kuma irin su ÇáÍãÏ ááå, wanda daga baya na gane "alhamdu lillahi" ne ya rikiɗe haka. Na ƙara kibod ɗin Larabci, bai canza komai ba. Sai na tuna da intl.cpl, na shiga Formats na zaɓi Arabic (Saudi Arabia). Manhajar tana nan yadda take, amma kwanan watan da ke ƙasan allo ya koma na Hijira, shekarar 1445, rijistar da na sha wahalar gyarawa ita ma ta canza kama. Na yi maza na mayar da Nijeriya, komai ya dawo, na kira injiniyan a waya. Ya ce na shiga ɗakin da ya dace amma na buɗe akwatin da ba shi ba. Tsofaffin manhajoji da aka rubuta ba bisa tsarin Unicode ba suna dogara ne da wani saiti na daban, yana shafin Administrative, sunansa Change system locale. Can ne za a zaɓi Larabci. Ya ce akwai wani ɗan akwati a ƙasa mai maganar Beta da UTF-8, in bar shi ba alama, domin yana ƙara dagula irin waɗannan manhajojin. Na yi yadda ya ce, kwamfutar ta nemi a kashe ta a kunna, da ta dawo Larabcin ya fito tas, allon yana nan da Turanci, kwanan wata yana nan na Nijeriya.

Na ɗauka an gama. Ranar Lahadi 31 ga Maris ina gida ina haɗa sakamako, na dubi agogon kwamfutar na ga shida da rabi, na rufe ta da sauri na ce wa mai ɗakina a fito da kayan buɗa-baki. Ta dube ni ta ce ko biyar da rabi ba ta gama yi ba, in leƙa waje in ga rana. Agogon nan kuwa tun da na saye ta bai taɓa saɓawa ba, shi ya sa ba wanda ya duba shi cikinmu. Dalili shi ne a lokacin sanyi agogon Jamus da namu ɗaya ne, sa'a ɗaya gaba da GMT. Amma a Lahadin ƙarshe ta watan Maris Turawa suna tura agogonsu gaba da sa'a guda, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo da shi. Kwamfutar tana kan yankin Balin, babban birnin Jamus, ta bi su. Na so in gyara lokacin da hannu, sai na tuna da darasin kwanan wata, na shiga Date & time na canza yankin kansa zuwa West Central Africa, wanda shi ne na Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ba ya gaba ba ya baya duk shekara. Wanda yake Gana zai zaɓi na GMT, na Sudan kuma Khartum.

Abin da ya ɓatar da ni tun farko shi ne na ɗauka harshen kwamfuta abu ɗaya ne, ka juya shi komai ya bi. Ba haka ba ne. Harshen da allo yake magana da shi daban, kibod daban, tsarin lambobi da kwanan wata daban, allon shiga yana da nasa, tsofaffin manhajoji suna da nasu, agogo ma haka, Word kuma yana da nasa saitin harshen a cikin Options, inda na je na hana shi ja wa kowace kalmar Hausa jan layi. Da zan sake saye, a shagon zan danna maɓallin farawa in ga harshen Windows ɗin kansa, ba na Word ba, in dubi jerin haruffan kibod, in rubuta winver, kuma in ce su ɗora sabon Windows kafin in zuba ko da fayil ɗaya. Matashin da ya ce a yi fomat bai yi kuskure a kan maganin ba, lokacin ne ya riga ya wuce mini. Duk lambar kuskuren da ta fito a ɗauke ta hoto, domin da ita injiniyan ya gane ciwon cikin minti biyu. Kuma kada a yarda a sa maka tsarin Amurka don kawai shi ne a saman tunanin mai gyara. A gwada da kwanan wata irin 25/03 a Excel, in ya koma dama an dace, in ya tsaya a hagu a dakata da shigar da komai. Ban da kuɗin kwamfutar, na kashe abin da ya haura naira dubu goma sha biyar tsakanin masu gyara, data, filas da kuɗin adaidaita sahu, hedimasta ya mayar mini bayan na kai masa lissafi a rubuce.

Har yanzu akwai ragowar Jamusanci a wasu lunguna, misali sunan rukunin masu iko da kwamfutar yana nan Administratoren, domin irin waɗannan tun ranar da aka ɗora Windows ake raɗa musu suna. Injiniyan ya ce in bari sai dogon hutu, mu tabbatar lasisin yana jikin injin, sannan mu ɗora sabo daga zubin English International. Maɓallan kuma rubutun Jamus ne a kansu, ni bai dame ni ba tunda ba na kallo, amma malamar da take taimaka mini tana kallo. Na sayo sitika mai Turanci da Larabci ta naira dubu ɗaya muka liƙa a kan kowane maɓalli, a kan B da D da K kuma na ɗiga jan fenti don ta riƙa tuna inda masu lanƙwasa suke.